Lallen Amarya da Gyaran Ƙafa Kafin Biki

A ƙasar Hausa da wuya a kai yarinya ɗakin miji ba a sa ta a lalle ba. Bisa al'ada, bayan an yi kamu akan damƙa amarya a hannun wata dattijuwa da ake kira alwanka, wadda za ta riƙa kula da wankanta da ƙunshinta. A da akan kai mako guda a lalle, yanzu kuwa galibi kwana 2 ne ko 3. Akan daka busasshen ganyen lalle a tankaɗe, a kwaɓa, a shafe tafin ƙafa, a rufe da ganye a ɗaure da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru. A yau leda ta maye gurbin ganye, zanen fulawa kuma ya shigo har ƙauyuka.

Sai dai yawancin bukukuwanmu na karkara bayan kaka ake yin su, wato daidai lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da fata, kaushi ya taru, diddige ya yi faso. Launin lalle yana kama matacciyar fatar da ke sama ne, shi ya sa ya fi nuna a tafin hannu da na ƙafa inda fata ke da kauri. Idan aka yi ƙunshi a kan kaushi, sai ya fito dabbare-dabbare, in kuma aka goge kaushin daga baya, ya tafi da launin. Saboda haka gyaran ƙafa shi ke gaba, ƙunshi ya biyo baya.

Ya kamata a fara tun saura mako 2 ko 3. Kowane dare amarya ta jiƙa ƙafarta cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, ta goge da dutsen goge kaushi a hankali, ta tsane, ta shafa man kaɗanya ko basilin, ta sa safa. Kada a yanke kaushi da reza, domin ciwo yake jawowa, balle rezar da wani ya yi amfani da ita. Ranar ƙunshi kuma a wanke man tas, don maiƙo yana hana lalle kamawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne dayis. Lalle na gaskiya ja ne, kuma yana ƙara nuna cikin kwana 1 ko 2. Baƙin da ke kamawa nan take sau da yawa yana ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi, kumburi da bororo, wani lokaci sai bayan kwanaki. Haɗarin ya fi yawa idan ya shiga tsagar faso, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, zai iya ci gaba da ƙin sa har abada. Haka kuma kada a yi wa jarirai lalle, domin akwai waɗanda yake farfasa wa ƙwayoyin jini.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya su isar da wannan bayani ga iyaye da masu sana'ar ƙunshi. Amaryar da fasonta ke jini ko ruwa, ko mai ciwon suga, a fara kai ta asibiti mafi kusa, a dakatar da ƙunshin ƙafa har ciwon ya warke.