Ina Tsayin Filin Nan Ya Ɓuya?

Fili ne mai kusurwa uku. An zagaye shi da igiyar awo: gefe ɗaya kamu 13, ɗaya 14, ɗaya 15. Iyakar abin da aka sani ke nan. To, girman filin nawa ne?

Ɗan makaranta zai ce a ninka rabin gindi da tsayi. Gindi dai ga shi, 14. Ina tsayin? Gefen 13 da na 15 duk a karkace suke, sun haɗu a tsini. Tsayi kuwa shi ne layin da ya sauko tsaye cak daga tsinin zuwa gindi, kuma babu wanda ya auna shi. Ko inda zai dira ba a sani ba. Ba a tsakiya ba ne dai, tunda gefen biyu ba tsawonsu ɗaya ba.

Wannan matsala tana cikin littafin aljabara da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, domin amfanin masu rabon gado da ciniki da awon ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tasam ma tsayin kai tsaye ba. Madirarsa ya fara nema.

Tsayin nan ya raba filin gida biyu, kamar katangar da maƙwabta suka yi tarayya a kanta. A kowane ɓangare, in ka ninka karkataccen gefe da kansa, ka ɗebe guntun gindi sau kansa, abin da ya rage shi ne tsayi sau tsayi.

Sai ya kira guntun gindin da ke ƙarƙashin gefen 13 "abu". Daga wannan ɓangaren, tsayi sau tsayi shi ne 169 ban da abu sau abu. A ɗaya ɓangaren, guntun gindi 14 ne ban da abu. In aka ninka shi da kansa aka ɗebe daga 225, za a samu 29 da abu 28, ban da abu sau abu.

Katangar ɗaya ce, dole amsoshin biyu su zo daidai. Abu sau abu yana nan yana can, sai a zubar da shi. Saura 169 daidai da 29 da abu 28. Ɗebe 29, ka ga 140. Raba shi gida 28: abu ya fito, 5.

Asiri ya tonu. A ɗebe 25 daga 169, saura 144, wato 12 sau 12. Tsayin kamu 12 ne. Mai tantama ya gwada ɗaya ɓangaren: guntun gindi 9, a ɗebe 81 daga 225, 144 ɗin nan dai za a tarar.

Rabin gindi 7, sau 12. Girman filin kamu 84 ne murabba'i.