Mustafa Alasan: bakanike, mai masauki, mai silima

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da take damun gidaje da yawa. Yaro ya shiga karatun yaƙi da jahilci, ko ya tafi cin rani, ya komo da sabuwar sana'a a hannu. Wani ya koyo gyaran babur ko na famfo. Wani an ɗauke shi magatakardan koperatif. Ga gandun gida yana jiran shi, tsoho kuwa ƙarfi ya fara ƙarewa. Can cikin zuciyar yaron kuma akwai abin da yake so, wanda ba ya kawo kuɗi da wuri: zane, ko kiɗa, ko tsara wasan kwaikwayo. Sai mutane su ce mishi taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. To, ga labarin wani ɗan Nijar da ya haɗa ukun, da yadda ya yi.

Daga garaji zuwa silima

Sunan shi Mustafa Alasan. An haife shi a shekarar 1942.  Tun yana yaro yake son zane. Yakan yanka siffar mutane da dabbobi, ya kunna fitila, ya sa inuwarsu tana motsi, mutanen gari su taru suna kallo. Amma wasan inuwa ba ya cika tukunya. Sana'ar da ya koya ta cin abinci ita ce kanikanci.

A Yamai akwai wani ofishin bincike da ake kira IFAN a lokacin. Nan Mustafa ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, sunan shi Jan Rush. Nan ya fara koyon aiki da na'urar ɗaukar hoto. Bakanike ya aje sifana ya ɗauki kamara.

A shekarar 1962 ya fitar da silimarshi mai suna Aure, wadda ta nuna yadda ake neman aure da yadda ake biki a wani ƙauye na bakin kogi. Daga baya ya tafi ƙasar Kanada, wurin wani gwanin silimar zane mai suna Norman Maklaran, ya ƙaro sani.

Mece ce silimar zane? Ba mutane ake ɗauka ba. Zane ne ake yi, ko a ƙera ƴan tsana. A ɗauki hoto guda, a gusa da hannun ɗan tsana kaɗan, a sake ɗaukar wani hoto. In ana nuna silima, hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Cikin minti guda, hoto 1440 ke nan. Gudun da suke yi shi ke sa ido ya ga kamar abin yana da rai. Aiki ne na haƙuri, kamar tsintar gero da ya zube cikin rairayi.

A nan tsohuwar sana'a ta yi mishi rana. Mai wannan aiki yana bukatar hannu da ya iya waya, da ƙarfe, da ƙusa. In na'ura ta lalace a Yamai a wancan zamani, ba kanti ake zuwa a sayo wata ba. Sai wanda ya iya kwance ta ya ɗaure. Mustafa ya bar garaji, amma kanikanci bai bar hannunshi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya nuna wa mutane

Kwaɗi ya fi so ya zana. A 1966 ya yi wata gajeruwar silima a kan Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, wanda ya tafi ziyara wata ƙasa, ana ta fareti da buga tambura. Mutane sun yi dariya, kuma kowa ya gane da wa ake. A wannan shekara ya yi wata a kan saurayin da ya komo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokanshi, suka hau dawaki, suka hana ƙauyensu sakat. Ya kuma yi wata mai suna Kokowa, inda ƴan tsana, kwaɗi da sauran dabbobi, suke karawa a fage, ga makaɗa, ga ƴan kallo.

A 1972 ya fitar da wata doguwa, sunanta Mata, Motoci, Gidaje, Kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne, Ali. Nauyi da son burga suka yi mishi yawa, albashi ya kasa. Ya sa hannu cikin kuɗin da ba nashi ba, ya ƙare a gidan kaso. Duk wanda aka ba ajiyar kuɗin jama'a, ya kamata ya riƙe labarin Ali.

A zamanin babban farin nan na 1973 da 1974 ya fitar da Tula. Tatsuniya ce da marigayi Bubu Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙi sauka, rijiyoyi sun ƙafe, aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa kafin a samu sauƙi. Waɗanda suka kalle ta a lokacin sun san ƙishirwar da ake faɗi, don sun ga bisashensu suna faɗuwa.

Masaukin Tawa

Suna ya tafi nesa, amma silima aba ce mai cin kuɗi. A wancan zamani sai an sayo fim daga Turai, a ɗauka, a sake aika shi Turai a wanko. Mai silima yakan shekara yana neman kuɗin aiki guda. Daga baya bidiyo ta shigo, gidajen silima suka yi ta rufewa. Wanda ya dogara ga silima kaɗai, gidanshi zai kwana da yunwa.

Mustafa bai dogara gare ta kaɗai ba. Ya yi shekara 15 yana shugabancin sashen silima a jami'ar Yamai. Bayan haka ya koma Tawa da zama, ya riƙe masaukin baƙi, wato otel. Wannan ita ce sana'ar gida. Baƙo ya sauka, ya kwana, ya biya. Aikin masauki ba na suna ba ne. Akwai shara da wanki, akwai kuɗin ruwa da na wuta, akwai lissafi kullum. Mutumin da aka tafa ma a manyan biranen duniya bai raina shi ba.

Ga dabarar da ya yi. Cikin masaukin ya ware waɗansu ɗakuna, bai sa baƙi ciki ba. Nan ya jera ƴan tsananshi, da fitilu, da na'urori. Ɗakunan baƙi suna kawo abinci, waɗannan kuwa suna ba shi wurin aikin da ranshi ke so. Ɗakin da aka hana baƙo, kuɗi ne aka bari. Ya san haka, ya yarda da wannan rashi, amma bai rufe masaukin duka ba don silima. Da kwamfuta ta zo, ga shi da furfura, ya zauna ya koyi aiki da ita.

Silimar da ya yi ta kai wajen 30. A 2007 ƙasar Faransa ta ba shi lambar girma a babban taron silima na garin Kan. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga watan Maris na 2015. Allah ya jiƙan shi.

Gandu da gamana

Abin da Mustafa ya yi a Tawa ba baƙo ba ne ga manomi. Tun kaka da kakanni akwai gandu, akwai gamana, wadda waɗansu ke ce ma gayauna. Gandu na gida ne duka, shi ke cika rumbu. Gamana ta mutum ce shi kaɗai, ya shuka abin da ya ga dama. Akwai ranakun gandu, akwai na gamana, kowa ya san su. Ba a ɗibar ranar gandu a kai gamana. Maigidan kirki kuma ba ya hana ɗa gamana. Masauki shi ne gandun Mustafa, ɗakin ƴan tsana shi ne gamanarshi.

Saurayin da ya sami sabon aiki, sai ya zauna da maigida tun kafin ruwan shuka. Su yanke magana: ranakun da zai shiga gona, da ranakun da zai tafi aikinshi. In ba zai iya zuwa noman farko ba, ya faɗi kuɗin ɗan barema da zai biya a madadinshi. Maganar da aka yi da rani ba ta zama faɗa da damina.

Batun kuɗi kuma, a nan karatu ke da amfani. A sami littafi, a raba shi biyu. Gefe guda kuɗin gida, gefe guda kuɗin mutum na kanshi. In an sami jika biyar a wata, a rubuta abin da ya shiga gida, a rubuta abin da aka ware don sayen fenti, ko fatar kalangu, ko takarda. Kada a sayar da hatsin rumbu ko tunkiyar gida don abin sha'awa. Wanda ke riƙe da kuɗin koperatif kuwa, wannan littafi na uku ne, ba ya gamuwa da sauran.

Iyaye su ma da nasu. Yaron da ke zane a bango, ko yana ƙera mota da karan dawa, ba lalle ne malalaci ba. In ya gama aikin gandu, a bar mishi maraicenshi. Mustafa ma da fitila da inuwa ya fara.