Tayar da Tsohuwar Jaguar E-Type: Aikin Yana Ƙarƙashin Fenti

A watan Maris na 1961 kamfanin Jaguar na Ingila ya fito da wata mota a bajekolin motoci na Geneva, ya sa mata suna E-Type. Kujeru biyu gare ta, da doguwar gaba, da injin silinda shida mai lita 3.8, aka kuma ce tana taɓa kilomita 240 a awa. Kafin a daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 1970, an fitar da sama da 70,000 daga masana'antar Browns Lane da ke Coventry, akasarinsu aka kai Amurka. Yau autar cikinsu ma ta kai shekara 50, shi ya sa a Turai da Amurka akwai garejin da ba su da sana'a sai tayar da irinta.

Wanda bai san harkar ba, inji yake fara tambaya. Waɗanda suka daɗe a cikinta kuwa ƙarƙashin mota suke fara leƙawa. E-Type ba ta da shasi dabam irin na tsofaffin manyan motoci. Gangar jikin ita ce ke ɗauke da nauyin komai, sai wasu siraran bututun ƙarfe a gaba da ke riƙe inji. A Ingila ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin nan ya shige dokin ƙofa da daɓen mota ya kwanta. Tsatsa takan yi mata irin cin da gara ke yi wa azara, waje lafiya lau, ciki gari. Mai son cin riba sai ya cusa filla a ramukan, ya goge, ya fesa jan fenti mai ɗaukar ido. Gwajin ba wuya: a naɗe maganaɗisu cikin ƙyalle a bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa, filla ce a wurin.

Gyaran gaskiya sai an kwance motar tsaf, an ɗauki hoton kowane ɓangare, an zuba kusoshi a leda an rubuta inda aka ciro su, domin aikin kan ɗauki shekara ko fiye, mantuwa kuwa ba ta sallama. Sannan a kankare fenti har ƙarfe ya fito fili, a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi waldar sabon ƙarfe. Kafin a yanke dokin ƙofa dole a tokare jikin da ƙarafa, in ba haka ba motar ta lanƙwashe, ƙofofi su ƙi rufuwa har abada. Bututun nan na gaba kuwa, in sun ci tsatsa ko sun taɓa buguwa, masana ba sa yarda a yi musu faci, sauyawa ake yi. Ga kuma bonet, wanda shi kaɗai ya rufe dukkan gaban motar har da fitilu. Daidaita shi da jiki kan cinye wa fanalbita kwanaki.

Inji, duk da girman sunansa, ya fi sauƙin sha'ani, don har yau ana ƙera kayansa. Abin kiyayewa shi ne kada a ɗaura batir a murza makulli a motar da ta yi shekaru a ajiye. A cire fulogi, a ɗiga mai cikin silinda, a bar shi ya jiƙa, a juya injin da hannu. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da kafiretocinta, a sauya duk wata roba da tiyo da man birki. Wanda zai taɓa kulocinta ya sani sai an sauke inji, birkin baya kuma can tsakiya aka ɓoye shi, sai an sauke ƙafar baya gaba ɗaya. Waɗanda suka zana ta ba su tausaya wa makanike ba.

Inda ake samun saɓani shi ne batun sauye-sauye. Wasu sun tsaya a kan a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, har lambar inji ta dace da wadda ke cikin kundin kamfani. Akwai ma takardar shaida da cibiyar adana tarihin Jaguar ke bayarwa a kan haka, kuma motar da lambobinta suka dace ta fi daraja nesa ba kusa ba. Wasu kuma suna cewa mota don tuƙi aka yi ta. E-Type ta fari tana yawan zafi a cunkoso, giyarta ta farko ba ta shiga sai mota ta tsaya, wayoyinta kuma sun tsufa. Don haka sukan sa lagireta ta alminiyom, da fanka mai ƙarfi, da giya biyar, da birki na zamani. Kamfanin Eagle na Ingila ya yi suna a wannan aiki. Jaguar da kanta ta taɓa sa wa ɗaya injin lantarki, ita ce Yarima Harry ya tuƙa ranar aurensa a 2018. A ganina duk sauyin da za a iya kwancewa da sifana a mayar da na asali ba laifi ba ne, muddin an adana abin da aka ciro. Wanda ya kai ga yanka jikin mota ko jefar da injinta, ɓarna ce.

Mu nan arewa ba mu cika ganin E-Type ba, amma muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi: busasshiyar iska, da titin da ba a zuba masa gishiri. Tsofaffin Marsandi da Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna nan jibge a bayan gidaje, da yawansu rana ta cinye fenti da kujeru amma ƙarfen garau yake. Duk mai irin wannan mota a gida, kafin ya kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, ya samu makaniken da ya san tsofaffin motoci ya leƙa masa ƙarƙashinta.