An Tambayi Yarinyar Kuwa?

A zauren mai unguwa a Argungu ko a harabar kotun shari'a a Birnin Kebbi, idan aure ya mutu aka zo batun riƙon yara, zaman kusan iri ɗaya ne. Dangin miji a gefe, dangin mata a gefe, kowa na kafa hujja. Yarinya 'yar shekara 11 tana raɓe a bakin ƙofa, kai a sunkuye, tana murza gefen hijabinta. Tun hantsi a kanta ake magana, har a kira azahar ba wanda zai waiwaya ya ce mata, "Ke fa, me kika gani?"

Wannan tambaya ita ce sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Sashen ya tanadi cewa duk yaron da ya kai ya yi tunanin kansa yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma auna maganar gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Najeriya ta rungumi yarjejeniyar a 1991, shekarar da aka yanko jihar Kebbi daga Sakkwato. Dokar tarayya ta haƙƙin yara ta fito a 2003, amma sai a 2022 Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan ta jihar.

Jinkirin yana da dalili. Iyaye da malamai da dama sun ji tsoron a ɗora yaro a kansu, a wayi gari ɗa yana kai ƙarar mahaifinsa. Ai mun taso da jin cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai sashen bai miƙa wa yaro hukunci ba. Hukunci yana nan a hannun uba da alƙali. Abin da aka wajabta musu shi ne su ji ta bakinsa kafin su yanke. Yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka tsara wa kansu a 1990 ma ta haɗa biyun: sashenta na 4 ya ce a saurari yaro a duk shari'ar da ta shafe shi, na 31 kuma ya ɗora masa nauyin girmama iyaye da manya.

A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar, wannan ba baƙon karatu ba ne. A Suratus Saffat, Annabi Ibrahim ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi, ya nemi jin abin da yake gani, alhali umarnin daga Allah yake. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) abin sha, yaro yana damansa, dattawa suna hagunsa. Ya nemi izinin yaron ya fara ba manya, yaron ya ƙi barin rabonsa, sai ya miƙa masa. Haka Khansa'u bint Khizam ta kai kukan auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba, aka warware shi.

Wahalar tana wajen yadda ake tambayar. Yaron Bahaushe da aka tsayar gaban baffanninsa aka ce ya faɗi ra'ayinsa, kunya ba za ta bar shi ya ɗaga ido ba. Zai ce "duk yadda kuka yi daidai ne", a tashi a ce ai an tambaye shi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyar ya yi dogon bayani a kan haka a 2009. Bai kafa shekarun da za a fara sauraron yaro ba. Ya ce a fahimtar da shi abin da ake ciki tukuna, a saurare shi inda ba zai tsorata ba, ya yi magana da kansa ko ta bakin wakili, kuma idan ba ya so kada a tilasta shi. Bayan an yanke hukunci a dawo a gaya masa yadda aka yi da maganarsa. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi yi wa yaro ciwo.

Yawancin hukuncin da ke juya rayuwar yaro ma ba a kotu ake yanke shi ba. A tsakar gida ne ake cewa bana wane ba zai koma makaranta ba sai an gama dashen shinkafa a fadamar Rima, ko a haɗa shi da malami ya tafi almajiranci bayan kaka, ko a karɓi kuɗin gaisuwar yarinyar da take aji uku na sakandare. Uban yana da hujjarsa, sau da yawa ta talauci ce. Amma yaron shi ya san ranakun da ya kwana da yunwa a waccan makarantar, yarinyar ita ta san abin da ya sa gabanta ke faɗuwa idan aka ambaci sunan manemin. Babba ba zai san wannan ba sai an gaya masa.

Gidan Bahaushe ya daɗe da hanyar jin irin wannan magana. Abin da yarinya ba za ta iya furtawa gaban mahaifinta ba, tana faɗa wa kakarta cikin wasan jika da kaka, ko ta raɗa wa gwaggonta a ƙuryar ɗaki. Wakilin da dokar duniya ke nufi bai yi nisa da wannan ba, in dai mai ɗauko saƙon ba shi da ɓangare a rigimar. Mai unguwa na iya dakatar da zaman, ya sa wata dattijuwa ta ja yarinyar nan ta bakin ƙofa zuwa cikin gida, ta zauna da ita har ta sake, sannan ta dawo zaure ta faɗi abin da ta ji kamar yadda ta ji shi, kafin a ce ga inda za ta kwana yau.