Constance Motley, Alƙaliyar da Ta Ƙi Janyewa Daga Shari'a

A shekarar 1975, wata matashiyar lauya ta maka kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell da ke birnin New York a kotu, tana zarginsa da ƙin ɗaukar mata aiki. Shari'ar ta faɗo gaban Mai Shari'a Constance Baker Motley. Sai lauyoyin kamfanin suka nemi ta janye, wai tunda mace ce, baƙar fata, kuma ta daɗe tana yaƙi da wariya, ba za ta yi adalci ba. Ta ce atafau. Hujjarta ita ce kowane alƙali a kotun yana da jinsinsa da launin fatarsa da tarihin aikinsa, in kuwa wannan ya isa dalilin janyewa, to babu wanda zai saurari ƙarar. A ganina ta yi daidai, domin ba a taɓa tambayar alƙali namiji farar fata ko zai iya yi wa ɗan'uwansa shari'a.

An haife ta a 1921 a New Haven, iyayenta baƙi ne daga tsibirin Nevis. Kuɗin jami'a ya gagare su, sai wani attajiri, Clarence Blakeslee, ya ji ta tana jawabi a wani taro, ya ɗauki nauyin karatunta. Ta kammala karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1946, ta yi aiki ƙarƙashin Thurgood Marshall a sashen shari'a na ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata. A nan ta goge. Ta tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka sau 10, ta yi nasara a 9. Ita ce lauyar James Meredith, baƙar fata na farko da ya shiga Jami'ar Mississippi a 1962, sai da sojoji suka kwantar da tarzomar da ta ɓarke.

A Amurka shugaban ƙasa ne ke zaɓen alƙalin tarayya, Majalisar Dattawa ta amince, daga nan kujerar tasa ce har ƙarshen rayuwa. Da Shugaba Lyndon Johnson ya miƙa sunanta a 1966, Sanata James Eastland na Mississippi ya riƙe maganar watanni, yana jifanta da zargin kwaminisanci. Duk da haka ta tsallake, ta zama mace baƙar fata ta farko a wannan muƙami.

Kotun da ta zauna ita ce ta matakin farko, inda ake kiran shaidu a auna hujja, kafin a kai ga ɗaukaka ƙara. A 1978 ta yanke hukuncin cewa ba za a hana mata 'yan jarida shiga ɗakin 'yan wasan ƙungiyar Yankees don hira ba, alhali ana barin maza. Ta shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1986, ta ci gaba da sauraron ƙararraki har ta rasu a watan Satumban 2005.