Abin da shekara 70 na jagorancin makaɗa suka koya wa Herbert Blomstedt

A watan Yulin 2024, a cocin Saint Florian da ke ƙasar Ostiriya, wani dattijo mai shekara 97 ya zauna a gaban makaɗan birnin Bamberg na Jamus, ya ɗaga hannuwansa biyu ba sanda, ya jagorance su a simfoni na tara na Anton Bruckner. A ƙarƙashin wannan cocin aka binne Bruckner, kuma a shekarar ce ake bikin cika shekara 200 da haihuwarsa. Dattijon shi ne Herbert Blomstedt, wanda ya fara wannan sana'a a birnin Stockholm tun 1954.

Mutumin da ya shekara 70 yana bitar ayyukan mutum ɗaya, ana zaton ya daɗe da gama saninsu. Shi kuwa Blomstedt ya nuna akasin haka, domin sai da ya tsufa ya sauya yadda yake fahimtar Beethoven, kuma bai ɓoye ba.

Mene ne simfoni, mene ne aikin madugu?

Simfoni doguwar tsararriyar kiɗa ce da ake rubutawa domin babbar tawagar makaɗa, wadda kan kai mutum 60 zuwa 100: masu goge iri-iri, masu busa, da masu ganguna. Galibi ana kasa ta kashi huɗu, wani mai sauri, wani mai natsuwa, kuma yawancinta babu waƙar baki. Mawallafin yakan rubuta abin da kowane makaɗi zai yi a cikin kundi guda, da alamun ƙarfi da na sauri.

Shi madugun ba ya kaɗa komai. Shi ne ke yanke saurin tafiya, ya daidaita wanda zai ɗaga sauti da wanda zai sassauta, ya haɗa mutum ɗari su numfasa tare. Mafi yawan aikin a wajen gwaji ake yin sa, kwanaki kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Da yake mawallafan sun daɗe da rasuwa, kundin da suka bari amana ce a hannun madugu. Yana iya riƙe ta yadda aka ba shi, yana kuma iya karkatar da ita domin a yabe shi.

An haifi Blomstedt ranar 11 ga Yuli, 1927, a Springfield ta jihar Massachusetts a Amurka. Iyayensa 'yan Suwidin ne, suka koma gida yana ɗan shekara biyu. Mahaifinsa limamin cocin Adventist ne, mahaifiyarsa kuwa makaɗiyar fiyano. Ya jagoranci tawagar Staatskapelle ta Dresden daga 1975 zuwa 1985, lokacin birnin yana ƙarƙashin Jamus ta Gabas, sannan ta San Francisco daga 1985 zuwa 1995, sai ta Gewandhaus a Leipzig daga 1998 zuwa 2005. Ita wannan ta ƙarshe attajiran birnin na cikin waɗanda suka kafa ta a 1743, kuma sunanta na nufin gidan 'yan kasuwar yadi, inda ta koma yin wasanninta a 1781.

Beethoven da rigimar sauri

Ludwig van Beethoven, wanda ya rayu daga 1770 zuwa 1827, ya bar simfoni tara. A zamaninsa aka fito da mitironom, wata na'ura mai bugu kamar agogo wadda ke auna yawan bugu a minti guda. Beethoven ya rungume ta, har a 1817 ya wallafa adadin saurin da yake so a simfoninsa takwas na farko.

Bayan rasuwarsa sai madugai da dama suka ga lambobin sun yi sauri fiye da kima. Wasu suka ce na'urarsa ce ta lalace, wasu suka ce kurumta ce ta hana shi gane abin da zai yiwu a zahiri. Aka wayi gari al'ada ta kafu ta kaɗa Beethoven a hankali, da nauyi da ƙasaita. A cikin wannan al'ada Blomstedt ya tashi, kuma da ita ya naɗi simfonin tara a Dresden a shekarun 1970, faifan da har yau ake yabawa.

A ƙarshen shekarun 1990 masanin nan na Birtaniya, Jonathan Del Mar, ya fitar da sabon bugu na simfonin bayan ya koma ga rubuce-rubuce na asali ya gyara kurakuran da suka daɗe suna yawo a tsofaffin bugu. Blomstedt ya koma ya sake karatu. Tsakanin 2014 da 2017 ya sake naɗar su duka a Leipzig, aka fitar da su a shekarar da ya cika 90. Duk wanda ya saurari biyun zai ji bambanci: na tsufan ya fi sauri, ya fi sauƙin nauyi, ya fi kusa da lambobin da Beethoven ya rubuta.

Matsayinsa a hirarraki bai da sarƙaƙiya. Mawallafi shi ne mai abu, madugu kuwa mai hidima ne. Idan hujja ta bayyana cewa abin da aka saba ya kauce wa abin da aka rubuta, sabon ne ya kamata ya ba da hanya, ko da kuwa da shi mutum ya yi suna.

Bruckner, mai ibada da haƙuri

Idan Beethoven ya koya masa komawa ga rubutu, Bruckner ya koya masa haƙuri. Anton Bruckner ɗan malamin makarantar ƙauye ne, ya yi shekaru yana kaɗa ogan a Saint Florian da Linz, kuma sai da ya kai kusan shekara 40 ya duƙufa kan simfoni. Masu sharhi a Vienna sun sha yi masa ba'a, shi kuma ya yi ta sake fasalin ayyukansa, har wasu suka zama suna da siffofi biyu ko uku. Saboda haka kafin madugu ya ɗaga hannu, sai ya fara yanke wace siffa zai bi. Babbar nasararsa ta farko ta zo ne da simfoni na bakwai, wanda aka fara kaɗawa a Leipzig a ƙarshen 1884, yana da shekara 60. Ya rasu a 1896 bai kammala na tara ba.

Simfonin Bruckner kan wuce awa guda, yana hawa a hankali, ya tsaya cik, ya sake ɗauka daga ƙasa. Madugun da ya yi gaggawa zai rushe ginin, wanda ya yi nawa kuma zai sa mai sauraro barci. Blomstedt ya naɗi tara ɗin a Leipzig tsakanin 2005 da 2012. Shi kansa mai riƙo da addini ne: ba ya shan giya, ba ya cin nama, kuma ba ya yin gwaji ranar Asabar, wadda ita ce ranar hutu a cocinsa, ko da yake yakan jagoranci wasa a ranar domin yana ɗaukarsa ibada. Wataƙila wannan ne ya sa bai taɓa ganin tsawon Bruckner a matsayin aibi ba.

Brahms da mutanen arewacin Turai

Johannes Brahms ya shafe kimanin shekara 20 yana juya simfoninsa na farko, saboda nauyin zuwa bayan Beethoven, sai a 1876 ya sake shi yana da shekara 43. Huɗu kacal ya rubuta. Blomstedt ya naɗi huɗun da makaɗan Leipzig bayan ya haura 90.

A San Francisco kuwa ya yi amfani da kujerarsa wajen tallata mutanen yankinsa. Ya naɗi simfoni shida na Carl Nielsen ɗan Denmak, wanda a lokacin ba a faye jinsa a Amurka ba, da bakwai na Jean Sibelius ɗan Finlan. Sibelius ya kammala na bakwai a 1924, ya yi shekaru yana fama da na takwas, daga bisani ya ƙone shi, ya rasu a 1957 bai sake fitar da wani ba.

Abin da ya haɗa waɗannan mawallafa shi ne tsananin bin diddigin aikinsu: mai sakewa, mai jinkirtawa, mai ƙonewa. Blomstedt na ganin wanda ya gaji irin wannan aiki ba shi da hurumin yin sakaci da shi. Bayan faɗuwar da ya yi a 2022 ya koma jagoranci a zaune, amma bai rage shiri ba. Sau da yawa yakan shigo dandali da ƙaramin kundin kiɗan, ya ajiye shi a gabansa a rufe, domin ya haddace abin da ke ciki, sannan ya juya ga makaɗa.