Mutanen da Suka Bar Toho Ya Girma

Kasuwar masu zaburar da mutane ta buɗe a ƙasar Hausa. A rediyo, a Facebook, a tarurrukan matasa, maganar kusan guda ce: sauya tunaninka, tashi ka nema, talauci a zuci yake. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mafi nauyi. Himma ba ta ɗorewa a zuciyar mutum sai ya ga abin da zai kama da hannunsa, ya kuma tabbata cewa amfanin wahalarsa ba wani zai zo ya kwashe ba. Wanda yake son hujja ya dubi gonakin gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi ta Nijar, inda manoma marasa jari suka yi aikin da manyan ƙungiyoyi da miliyoyinsu suka kasa.

A farkon shekarun 1980 jigawar Maraɗi ta kusa zama fili fetal. Noman gyaɗa ya ci daji, jama'a ta ƙaru, farin 1973 da 1974 ya kashe abin da gatari ya bari. Malaman gona sun daɗe suna koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba tsiro. Da iskar farkon damina ta taso, rairayi ya yanke ɗan hatsin da ya fito ko ya binne shi, sai mutum ya maimaita shuka sau uku, wani lokaci sau huɗu, iri yana ƙarewa a rumbu. Mata na yin tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in ba a samu ba a ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona. Gwamnati da masu ba da agaji sun zuba kuɗi wajen rainon dashe, akasari dalbejiya da turare, amma yawancin abin da aka dasa rani da awaki suka cinye shi kafin shekara ta zagayo.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan dashe da ba ya kamawa. A 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya duba wani ɗan kurmin ganye da ya saba wucewa. Ashe toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture, na kalgo da sabara da magarya da geza, suna nan dubbai a kowace gona, suna toho kowace shekara, ana sassabe su kowace shekara. Aikin da ya biyo baya, wanda manoma suka sa wa suna sassaben zamani, bai da wuyar bayani. Maimakon mutum ya sare tohon duka, sai ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa har kusan rabin tsawon sandar. Da adda mai kaifi ake yi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu sukan ɗaura tsumma a jikin sandar, alamar cewa tana da mai ita. Tunda saiwar ta riga ta kai inda laima take, ba a ban ruwa, ba a sayen komai, kuma cikin shekara biyu ko uku an sami abin yin rumfa ko na hura wuta.

Nan ne maganar tunani ta shigo, kuma masu cewa tunani ne tushe suna da abin faɗa. Addar da aka yi sassaben zamani da ita ita ce dai addar da ake share gona da ita tun da. Abin da ya sauya shi ne yadda mutum yake kallon tsiron da ke gabansa: jiya ciyawa ce mai hana hatsi, yau dukiya ce da ke jiran a ƙyale ta. Mutanen farko da suka gwada, 'yan ƙalilan ne, sun sha dariya. An kira su malalata masu ƙazamar gona, an kira su mahaukata, kuma da dare ana shiga a sare musu abin da suka raina. A ƙauye, inda mutuncin magidanci ke rataye da yadda gonarsa take a idon maƙwabta, jure wannan gori ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Duk wanda ya taɓa fara sana'ar da danginsa ke ganin ƙasƙanci ce ya san nauyin abin.

Sai dai abin da ya faru a 1984 yana nuna iyakar zaburarwar da ke zuwa daga waje. A shekarar yunwar da mutane ke kira 'Yar Buhari, aikin SIM ya raba abinci a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. An bar kimanin bishiya 500,000. Da damina ta yi kyau aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare. Waɗanda suka yi don buhun hatsi, himmarsu ta ƙare ranar da buhun ya ƙare. Ragowar, waɗanda suka lura cewa iska ba ta ƙara binne musu shuka ba, kuma matansu sun huta da tafiyar itace, su ne suka riƙe, kuma daga gonakinsu abin ya bazu, manomi yana gani wajen manomi, ɗan cirani yana kai labari garinsu. Wannan ya kamata ya tsaya a ran duk mai shirya taron ƙarfafa gwiwa da kuɗin zama: abin da aka biya mutum ya yi, ba lalle ne ya zama nasa ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya hana manoma yin haka tun farko? Ba jahilci ba ne. Bahaushe ya san gawo tun kaka da kakanni, ya san yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya san hatsin gindinsa ya fi tsawo da kauri, ya san 'ya'yansa abincin tumaki ne da rani. Abin da ya kashe masa gwiwa doka ce. Tun zamanin Faransa, da kuma dokar gandun daji ta 1974, manyan itatuwa na hukuma ne ko da a tsakiyar gonar gado suka tsiro. Mutum zai iya shan tara a hannun ma'aikacin gandun daji don ya sare reshen bishiyar da shi ya raine ta. A irin wannan hali, wanda ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami ba rago ba ne, lissafi ya yi: me zai sa ya raini abin da zai jawo masa tara, kuma kowa na iya zuwa ya sara? Ƙwazon nasa kamar kututturen nan yake, da rai a ƙasa, ana datse shi duk lokacin da ya leƙo. Da hukumomin gandun daji na Maraɗi suka sassauta, daga baya kuma aka sami ƙa'idojin dokar karkara a 1993 da sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai mutane suka fara ɗaukar bishiyar gona a matsayin tasu. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince ƙarara da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina.

A Agiye aka ƙara wani mataki da ya nuna cewa himmar mutum ɗaya tana bukatar kariyar jama'a. A ƙauyen Ɗan Saga da maƙwabtansa, tare da aikin raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa da masu bincike na cibiyar INRAN, mutane sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Abin lura shi ne waɗanda aka sa a ciki: manoma, mata, matasa, da Fulani makiyaya, waɗanda da can ake ɗora wa laifin kowace ɓarna. An yi ƙa'ida a bainar jama'a, an sa tara ga ɓarawon itace, mai gari ya goyi baya. Daga baya aka buɗe kasuwar itace ta ƙauye, don mai gona ya sayar da rassan da ya rage a farashin da aka yarda da shi, ba wanda ɗan kasuwar birni ya ga dama ba. Makiyayin da ya sami ganye da 'ya'yan gawo da rani ya zama mai gadi, tunda shi ma yana da rabo.

Za a ce ai ruwa ne ya dawo, ba wani ƙoƙari ba. Gaskiya ne damina ta fi kyau bayan tsakiyar shekarun 1990 in aka kwatanta da shekarun fari. Amma Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, wanda ya gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekara talatin, ya ga itatuwan sun fi yawa a gonaki da kewayen garuruwa masu cunkoso, ba a dajin da babu mai kula ba. Hotunan kan iyaka ma sun nuna ɓangaren Nijar ya fi na Najeriya duhun itatuwa a wuraren da ruwan sama ɗaya ne, ƙasar ɗaya ce, mutanen ma dangin juna ne. Shi da Chris Reij da masana na Nijar irin su Mahamane Larwanou sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin ƙasar, da bishiya wajen miliyan 200. Girgije ba ya zaɓen gona, hannu ne ke zaɓa.

Akwai suka mafi ƙarfi, wadda bai kamata a kauce mata ba. In himma ta yi wannan aiki, me ya sa Maraɗi ke cikin jihohin da yunwar 2005 ta fi yi wa illa, har cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika? Me ya sa har gobe samari ke tafiya cirani Kano, Agadas da Libiya? Amsar ita ce bishiya ba ta ƙara faɗin gona. A Agiye da Gazawa ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya da yawa ke rabawa. Wani bincike da aka buga a 2011 kan gidajen jihar Maraɗi ya sami ƙarin kuɗin shiga na kashi 18 zuwa 24 cikin ɗari ga masu sassaben zamani. Wannan ba arziki ba ne, amma ga gidan da hatsinsa ke ƙarewa wata huɗu kafin kaka, damin itacen da za a kai kasuwa a auno tiya biyu na iya hana sayar da akuyar ƙarshe. A Gidan Rumji kuwa, inda 'yan bindiga da satar mutane suka addabi garuruwan kan iyaka, kuma dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka shigo tun 2019, zalunci ne a ce wa wanda aka kora daga gonarsa ya gyara tunaninsa. Mai raino na shekara biyar sai ya san zai kwana a gidansa bana.

Duk da haka kada a ɗauka cewa ƙarfafa gwiwa aikin banza ne. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka yi da gwamnatin Nijar, aka buga a mujallar Nature a 2022, ya bi mata matalauta masu karɓar tallafin wata-wata. Ban da rukunin da aka bari don kwatance, duka an haɗa su a asusun adashi, an koya musu dabarun sana'a. Wasu an ƙara musu jarin jika 80, wasu kuma an ƙara musu horo kan yarda da kai da tsara buri, tare da nuna fim da tattaunawa a gaban mazansu da dattawan gari. Rukunin horon ya samu ci gaba mai yawa a sana'a da kwanciyar hankali, kuma idan aka auna da abin da aka kashe, ya fi rukunin jari kaɗai riba. Amma a dubi yadda aka yi: matan suna da ɗan abin juyawa a hannu, kuma an nemi yardar waɗanda ke iya hana su fita kasuwa. Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, a kan wannan turba ya yi ƙarfi har ya bazu zuwa ƙasashe da dama: kuɗin na matan ne, akwatin nasu ne, ribar tasu ce.

Inda aikin ya rage shi ne wajen waɗanda har yanzu ba su da wannan tabbaci. Mai noman gonar aro ko ta jingina ba ya barin bishiya, domin mai gonar na iya ganin yana neman kafa hujjar mallaka ne ya karɓe abinsa, ko kuma ya jira itacen ya girma sannan ya ce aro ya ƙare. Mata da yawa a Agiye da Gazawa gamana kawai suke nomawa, ɗan yankin da miji ya ba su, wanda saki ko rasuwa ke iya raba su da shi a yini guda, alhali su ne suka fi kowa sanin amfanin kalgo da aduwa. Dokar 2020 tana nan a takarda, amma sai an fassara ta da Hausa an karanta a fadar masu gari da gidajen rediyon karkara, kuma hukumomin filaye na ƙauye sun riƙa rubuta yarjejeniyar aro da ta faɗi a fili wa ke da itacen da aka raina da shekara nawa zai ci amfaninsa.